Tambaya da Amsa: Tsaron Rai a Wurin Aikin Titi

Tambaya: Assalamu alaikum. An ɗauke ni aikin riƙe tuta a inda ake gyaran titi tsakanin Wudil da Gaya. Riga mai ƙyalli da jan ƙyalle kawai aka ba ni, kuma direbobi ba sa rage gudu sai sun zo dab da ni. Yaya zan yi? Daga wani matashi a Gaya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Rigar nan kada ka cire ta duk tsananin zafi, amma ka sani riga ba ta tsayar da mota. Abin da ke kare ka shi ne tazarar da ke tsakanin inda direba ya fara ganin gargaɗi da inda kake tsaye.

Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya hango ka, ya gane, ya kai ƙafa kan birki, ta shafe mita 30 da wani abu. Ƙaramar mota mai lafiyayyen birki tana buƙatar kusan mita 70 kafin ta tsaya cak. Tirela mai lodi kuwa, irin masu kwaso shanu daga kasuwar Wudil ranar Juma'a, takan wuce mita 100, a kan busasshiyar kwalta ma ke nan. In an zuba tsakuwa ko yashi, tayar sulɓewa take yi.

Saboda haka ka nemi shugaban aikinku ya kafa allunan gargaɗi uku kafin a iso gare ka, tsakanin kowanne da na gaba kamar mita 150. Robobin nan masu tsini da ake jerawa, a jera su a karkace tsawon mita 150 ko fiye, domin mota ta kauce sannu a hankali. In aka gicciya su lokaci guda, direba sai ya fizgi sitiyari, kuma sau da yawa wajen leburori yake fizgowa. Rassan bishiya da muka saba zubawa a titi ba su wadatar ba, da magariba ba a ganinsu.

Kai kuma ka tsaya a kafaɗar titi, wato gefensa, fuskarka na kallon motocin da ke tahowa. Kada ka shiga tsakiya sai motar farko ta tsaya. Ka guji bayan kwana da gangaren tudu, kuma ka bar wa kanka wurin tsalle, kada tipa ko tulin ƙasa su tare maka gefe. Ka tsaya kai kaɗai, domin in 'yan hira da masu talla suka kewaye ka, direba ba zai gane wa ke ba da umarni ba. Waya ta zauna a aljihu, kunne a buɗe. Lokacin hazo a ƙara nisan allunan.

Akwai haɗarin da ba ka tambaya ba: injinan kamfanin da kansu. Tipa mai ja da baya, gireda da rola duk suna da gefen da direba ba ya gani. In ba ka hango fuskarsa a madubi ba, shi ma bai gan ka ba. Kuma don Allah a daina fakewa a inuwar ƙarƙashin tipa lokacin hutu.

Tambaya: Kwalta mai zafi ta zubo wa maigidana a hannu, abokan aikinsa suka goge da kananzir. Daidai ne? Daga wata baiwar Allah a Kiyawa.

Amsa: Allah Ya ba shi lafiya. Ba daidai ba ne. Kwaltar shimfiɗa tana kaiwa wajen digiri 150, kuma tana ci gaba da ƙona nama bayan ta manne. A yi ta kwarara ruwa mai sanyi na tsawon minti 20, ba ƙanƙara ba. Kada a ɓamɓare ta, fatar za ta biyo. Ban da kananzir, fetur, manja ko man goge baki. A cire zobe da agogo kafin kumburi, a rufe da tsaftataccen ƙyalle, a tafi asibiti. In kwaltar ta zagaye yatsa ko hannu a gaggauta, tana iya matse jini.

Tambaya: In lebura ya ji rauni a bakin aiki, yana da haƙƙi? Daga wani magidanci a Ringim.

Amsa: Yana da shi, Malam. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa kamfani zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, NSITF, kuma an hana cire kuɗin daga albashin ma'aikaci. Wanda ya ji rauni ya sanar da kamfani cikin kwana 14, kamfani ya sanar da hukumar cikin kwana 7. Inda leburori ke yin asara shi ne rashin shaida, musamman masu karɓar kuɗi a hannu kullum. Ya tabbatar sunansa na cikin rajistar aiki, ya adana katin asibiti da rasit, a ɗauki hoton wurin, a rubuta sunayen waɗanda suka gani. In motar waje ce ta buge shi, a riƙe lambarta, a kira hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa a 122.