Tambaya da Amsa: Jagorantar Zane da Sana'ar Hannu Don Kwantar da Hankali

Tambaya: Na karanci fasahar zane a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, kuma ina so in riƙa tara yaran da rikici ya raba da gidajensu muna zane da ginin yumɓu. Me ya kamata in kiyaye? — Wata mai karatu, Maiduguri.

Amsa: Malama, ki sani cewa aikinki jagoranci ne, kuma ba a auna shi da kyawun abin da yaro ya zana. Idan yaro ya zana gida yana cin wuta, kada ki matsa masa da tambaya, kada kuma ki fassara masa zanen. Ki bar shi ya yi bayani idan ya ga dama, domin tono abin da ya wuce ba tare da horo ba yana iya fama masa ciwo. Ki nemi yardar iyaye kafin ki fara, musamman game da ɗaukar hoto, kuma ki tanadi saƙa ko tatsuniya saboda gidajen da ba sa son zanen abu mai rai. Yaron da ya daina barci ko magana kuwa, ki shawarci iyayensa su kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke nan Maiduguri.