Me ya hana a zuba wa jirage man boron?

Ɗan'uwa daga Jos, ka ce tunda man boron, wato man da ake haɗawa daga sinadarin boron, ya fi kananzir ƙarfi, me ya hana a zuba wa jiragen sama? Ai an gwada. Sojojin Amurka sun narka kuɗi a kansa, suka haƙura a 1959.

Fentaboren, ɗaya daga cikin irin wannan man, da ya ji iska sai ya kama da wuta ba ashana, harshen wutar kore shar. Ni gubarsa ta fi ba ni tsoro. Ko ta numfashi ko ta fata ta shiga, ƙwaƙwalwa take nufa: jiri, karkarwa, har jijjiga irin ta farfaɗiya. Tokarsa kuma narkewa take, ta manne a cikin injin kamar ƙaro ta lalata shi.