'Yar'uwa mai shirin sayen gida, ki dakata da kafin alƙalamin nan

Wa'alaikumus salam. 'Yar'uwar da ta ce ta ga gida mai ɗaki uku a nan Kano, mai shi ya rasu babban ɗansa ke sayarwa, kuma dillali na matsa mata ta ajiye kafin alƙalami kafin Juma'a wai akwai wani Alhaji da ke so: wallahi ina karantawa gabana ya faɗi. Maganar da aka yi mini ke nan, har da Alhajin. Wannan Alhajin a bakin kowane dillali yake, ban taɓa jin wanda ya gan shi ba.

Kin tambayi abin da za ki duba a jikin gini, amma ni inda kika ce mai gidan ya rasu nan hankalina ya tsaya. Nawa ma gidan gado ne. Gwal ɗina na sayar, na haɗa da kuɗin adashi, maigida ya cika. Babban wan ya sa hannu, ƙannensa suka sa, mai unguwa ya buga hatimi, aka yi addu'a aka raba goro. Muka tare, na sa tayil a tsakar gida, na gyara banɗaki. Rannan da la'asar ina tuƙa tuwo sai ga sallama, wani mutum da jakarsa yana cewa gidan ubansa ne, wa ya ba mu izinin shiga? Ashe ɗan wata matar da marigayin ya saka ne tun da daɗewa, yana Saudiyya yana nema. Duk layin an san da shi. Dillalin nan ma ya sani sarai, don a layin ya tashi, tare suka yi makarantar allo.

Ranar da aka kawo sammaci tuwon ma ban iya ci ba. Yarana na tambayata ko korar mu za a yi. A kotu alƙali ya warware mana cewa 'yan'uwansa ba su da ikon sayar da kasonsa, sannan ga haƙƙin shuf'a: a Malikiyya, muddin ba a raba gida ba, abokin tarayya yana iya biyan kuɗin da aka saya ya karɓe kason da aka sayar wa bare, kuma wanda ba ya gari haƙƙinsa na nan komai daɗewa. Allah ya sa ba shi da kuɗin, aka yi sulhu muka sake biyansa nasa kason. Babban wan kuwa tuni ya sayi mota ya ƙara aure, ya ce ko sisi ba shi da shi. Dillali ya ci la'ada a wurina ya ci a wurinsu, ya kashe waya. Yanzu in muka haɗu a hanya har wani rusunawa yake, Hajiya ya gida. Ya gida! Na bar shi da Allah.

Don haka ki ce a kawo miki takardar rabon gado daga kotun shari'a, mai sunan kowane magaji, har mata da matan marigayin. In akwai marayu ƙanana, ki tabbatar kotu ta san da cinikin. Ki shiga gidan maƙwabta ki gaida tsohuwar da ta fi daɗewa a layin, ki tambaye ta mata nawa marigayin ya taɓa aura. Ita za ta faɗa miki abin da takarda ba ta faɗa ba.

Sai takardar filin. Hatimin mai unguwa shaida ce kawai. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa a hannun gwamna take, shi ya sa ko da C of O, wato takardar shaidar mallakar fili ta gwamnati, aka nuna miki, ki ba lauya ya bincika a KANGIS, hukumar ajiye bayanan filaye ta Jihar Kano, ko ta gaske ce, da sunan wa, kuma ba a jinginar da ita a banki ba. Canja suna ma sai da amincewar gwamna. In awon igiya ne, ki san abin da kika saya, a kuma leƙa KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano, a ji ko gidan bai hau hanya ko magudanar ruwa ba. Duk mun ga rusau a garin nan. Kuɗi ta banki za ki tura, kada ki miƙa a leda. Kuma tunda guminki ne, sunanki za a rubuta, ba na maigida ko na yayanki ba, kunya ba ta da wuri a nan.

Ginin kuma, a rani kowane gida lafiyayye ne. Unguwanni da yawa kan kududdufin da aka cike suke, ki tambayi masu shago ina ruwa ke tsayawa a watan Agusta. In kin ga sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa kawai, ki sa farce ki kankare, galibi danshi ake ɓoyewa. Ki ɗaga kai ki nemi tabon yoyo a silin, ki ɗanɗana ruwan rijiyar ko da zartsi, ki ga nisanta da shadda. A nuna miki takardar kuɗin wuta, don kada a biyo ki da tsohon bashin mita. Ki tafi da magininki, ba wanda dillali ya kawo ba. Sannan ki koma bayan isha'i tare da maigida ku ga irin majalisar da ke zama a ƙofar gidan, ni injin markaɗen maƙwabciyata ke tada ni tun kafin asuba.

In kina so ki yi mini magana ta akwatin saƙo in turo miki jerin takardun da lauyanmu ya nema daga baya. Allah ya zaɓa miki mafi alheri, amma Juma'ar nan dai kada ki ba da ko naira ɗaya.