Kafin ka sayi jirgin koyon tuƙi, duba injinsa da takardunsa

Wa'alaikumus salam ƙanena. Na ga saƙonka da hotunan tallan jiragen da ka turo: Cessna 150 guda biyu, 152 guda ɗaya, sai Piper Tomahawk. Tambayarka ita ce, tunda za ka zo Amurka koyon tuƙin jirgi, shin bai fi ba ka sayi ƙaramin jirgi mai kujera biyu na hannu, ka yi karatunka da shi, in ka gama ka sayar, maimakon biyan haya kowace awa? Ni ma wannan lissafin ya hana ni barci lokacin da na zo.

Farashin da ka gani a talla ba shi ne kuɗin jirgi ba. Waɗannan jirage duk sun girme ka. An ƙera 150 daga 1958 zuwa 1977, sannan 152 ta gaje ta har 1985. Don haka shekarar ƙira ba ta faɗa maka komai sosai. Abin da masu harkar ke fara tambaya shi ne: awa nawa injin ya yi tun garambawul na ƙarshe?

Injin 150, wato Continental O-200 mai ƙarfin doki 100, kamfaninsa ya ba shi awa 1,800 kafin a sauke shi a yi masa garambawul. Na 152, Lycoming O-235, yana iya kai awa 2,400. Kamfanonin biyu sun kuma ce ko awoyin ba su cika ba, in an shekara 12 a yi. Doka ba ta tilasta wa mai jirgin kansa bin wannan adadi, amma ranar da za ka sayar, mai saye da shi zai taya. Bari in yi maka misali da lambobin da na ƙaga don sauƙin lissafi. A ce garambawul dala 24,000 ne, ka ga kowace awa dala 10 ke nan. Ga 152 ta dala 40,000 da injinta ya ci awa 2,200, ga wata ta dala 52,000 mai awa 600 kacal. Ta biyun ta fi ta farko da awa 1,600 na rai, wato dala 16,000, alhali bambancin farashinsu 12,000 ne. Mai tsadar ce mai arahar.

Wani abin da ya fi yawan awoyi muni shi ne zama. Injin da ya shekara uku ba a tayar ba tsatsa ke cinsa ta ciki, gara wanda ake tashi da shi kowane mako.

Na taɓa raka wani abokina duba wata 150 a wani gari na bakin teku. Sabon fenti, fari da ja, kujeru har ƙamshi suke. Bakaniken da muka ɗauko bai ko kalli fentin ba. Ya durƙusa ƙarƙashin fiffike, ya kwance wani ɗan murfi, ya haska tocila, ya shafo ciki da yatsa ya nuna mana: farin gari kamar alli. Haka gorar ruwa, wato ƙarfen alminiyum na jikin jirgi, ke yi in iskar gishiri ta ci ta. Da muka buɗe littattafan gyaran jirgin kuma, sai ga shekaru shida babu ko layi ɗaya. Mai jirgin ya ce ɓata suka yi wajen ƙaura. Wataƙila gaskiya ya faɗa, amma mun juyo. Shi ya sa ake son jirgin da ya yi rayuwarsa a busasshen wuri irin Arizona, kuma ba a yarda bakaniken mai sayarwa ya zama shi ne mai dubawa. Saye daga hoto kuwa cinikin biri a sama ne.

Tomahawk tana da faɗin ciki, ana ganin waje sosai, kuma sau da yawa ta fi 152 sauƙin kuɗi. Sai dai fiffikenta na da wa'adin awa 11,000, kuma yawancinsu makarantu sun more su. Ka tambayi awoyin gangar jikin kafin komai. Ba a kuma ƙera su da yawa ba, kusan 2,500 ne, alhali 150 ta haura 23,000, shi ya sa kayan gyaran Cessna da masu sayenta ba sa wuyar samu.

Ka hau sikeli ma, ba da wasa nake ba. In an cika tankin 150, abin da ya rage wa mutum biyu bai wuce kilo 155 ba, ko kusa da haka. Kai da malaminka in kun yi jiki, dole a rage mai.

Bayan saye akwai inshora, wadda ke tsada ga wanda bai da lasisi, da kuɗin wurin ajiya, da binciken shekara-shekara na dole. In jirgin ba shi da na'urar ADS-B mai sanar da inda jirgi yake a sama, wadda aka wajabta tun 1 ga Janairu 2020 a sararin manyan filayen jirgi, kai za ka sa.

Ga kuma wanda tallan ba zai gaya maka ba. Hukumar FAA, mai kula da harkar jiragen sama a Amurka, ba ta yi wa baƙo mai bizar karatu rajistar jirgi da sunansa, sai ɗan ƙasa ko mai katin zaman dindindin. Akwai hanyar yin rajistar da sunan kamfani ko na wani amintacce da zai riƙe maka jirgin, amma da lauya da kuɗinsa. Bizar karatunka ta M-1 kuma a ɗaure take da makarantar da ta ba ka takardar I-20, wato shaidar ta karɓe ka, ba kowacce ce ke koyarwa a jirgin ɗalibi ba.

Ni dai a ganina, lasisin farko ka yi shi da haya. Awa 35 ko 40 doka ta ce, gwargwadon irin makarantar, ko da yake yawancin mutane suna wucewa, kuma wannan bai isa kwalliya ta biya kuɗin sabulu ba. In ka zo tara awoyi zuwa 190 ko 250 na lasisin kasuwanci, a nan ne saye ke da ma'ana, musamman in kun haɗa kuɗi ku uku ko huɗu. Waccan 152 ɗin da ke cikin hotunanka, tambayi mai ita shekarar garambawul da garin da take kwana, ka turo min amsar.