Tambaya da Amsa: Rana Na Ƙuna, Tafki Kuma Ƙanƙara

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana karatu a Ingila. Ya ce idan zafi ya matsa, shi da abokansa sukan je tafki su yi wanka. Ya iya iyo tun yana ƙarami, amma na ji ana cewa ruwan can yana cin gwanaye ma. Gaskiya ne? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Gaskiya ne, kuma abin da ke yaudarar yaran shi ne zafin ranar. Iska takan yi zafi cikin 'yan kwanaki, amma ruwa mai zurfi yana ɗaukar watanni kafin ya ɗumama. A watan Yulin 2022 zafi ya haura digiri 40 a Ingila, karo na farko a tarihi, kuma a makon an rasa matasa da dama a tafkuna da koguna. Rana tana gasa saman ruwa ne kawai. Ƙasa da shi kaɗan akwai wani ruwan mai tsananin sanyi, wanda ya yi tsalle ya faɗa kuwa can yake zarcewa.

Duk ruwan da bai kai digiri 15 ba yana firgita jiki. Da zarar fata ta ji shi, mutum zai ja numfashi mai ƙarfi ba da son ransa ba, kamar wanda aka watsa wa ruwan randa da asuba a hunturu. Idan kansa yana cikin ruwa a wannan daƙiƙar, ruwa zai ja maimakon iska. Daga nan sai haki, numfashi na fita da sauri ba ya iya tsayar da shi. Wanda kan riƙe numfashi na minti guda a tudu, a nan da ƙyar zai kai daƙiƙa 10. Jijiyoyin fata su tsuke, jini ya hau, zuciya ta kama bugawa da ƙarfi, mai ciwon zuciyar da bai san da shi ba tana iya tsayawa nan take. Firgicin ya fi tsanani a daƙiƙa 30 na farko, yakan lafa cikin minti 1 zuwa 3.

To ki faɗa masa, gwaninta ba ta aiki a wannan mintin. Kada ya yi tsalle, ya shiga da ƙafa a hankali, ya tsaya inda ƙafarsa ke taɓa ƙasa har numfashi ya daidaita. Idan ya faɗa ba shiri, kada ya fara iyo ko fafutuka. Ya kwanta rigingine, ya mayar da kai baya har kunnuwa su shiga ruwa, ya buɗe hannuwa da ƙafafu, ya jira hakin ya wuce, sannan ya yi kira ko ya nufi gaɓa. Wannan shi ne abin da ƙungiyar ceto ta RNLI ke koyarwa a can.

Tambaya: Malam, ni na ɗauka sai mutum ya daɗe a ruwa sanyi ke daskarar da shi. Daga wani mai karatu a Toronto.

Amsa: Daskarewar jiki, wato zafin ciki ya sauka ƙasa da digiri 35, takan ɗauki wajen rabin awa ko fiye ga baligi. Yawancin waɗanda ruwa ya ci ba su kai nan ba. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba, a ƙasar da kake zaune, ya taƙaita abin da lambobi uku: 1-10-1. Minti 1 na kama numfashi, minti 10 da gaɓoɓi za su yi maka aiki, awa 1 kafin a suma saboda sanyi.

Minti goman nan ne tarkon gwanaye. Ruwa yana zuƙe zafin jiki kusan ninki 25 fiye da iska. Jiki sai ya janye jini zuwa ciki don ya kare zuciya da ƙwaƙwalwa, hannuwa su yi sanyi, yatsu su kasa riƙe ko igiya. Saurayi ya yi caca da abokai zai haye zuwa wancan tsibiri, ya kai tsakiya, hannu ya mutu. Awa gudan kuwa na mai rigar ceto ne kawai, domin ita ke riƙe kai a sama bayan hannu ya daina aiki. Wanda ya sha giya lissafinsa ya fi haka gajarta.

Tambaya: Idan na ga wani yana nutsewa, me zan yi? Kuma mu a nan gida abin ya shafe mu? Daga wani ɗan'uwa a Bebeji.

Amsa: Kada ka faɗa ka bi shi. Mai nutsewa yakan ƙanƙame duk wanda ya zo kusa, sai a yi jana'iza biyu. Ka yi kururuwa, a kira 112 a Najeriya (999 a Ingila, 911 a Amurka da Kanada). Ka kwanta a gaɓa ka miƙa masa gora ko rawani, ko ka jefa masa jarka marar komai da murfinta a rufe. In an fito da shi, a ɗauke shi a kwance, a cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe ƙirji da kai. Kada a murza masa hannu da ƙafa, kada a zuba masa ruwan zafi, kada a danna ciki wai a fitar da ruwa. Idan ba ya numfashi, a hura masa iska sau 5 baki da baki, sannan danna ƙirji 30, hurawa 2, a ci gaba. Ko ya farfaɗo yana magana, a kai shi asibiti, ruwan da ya shiga huhu yakan tayar da matsala bayan awanni.

Ruwan madatsar Tiga da ke kusa da ku bai kai na Turai sanyi ba, ko da yake ƙasansa ya fi samansa sanyi. Abin da ya fi cin yara a bazara a nan shi ne gaɓa mai zarcewa ƙasa farat ɗaya, da laka mai riƙe ƙafa, musamman a kududdufan da aka haƙi ƙasar gini. Sau da yawa idan aka ce 'yan ruwa sun ja yaro, rami ne ya taka.