Tambaya da Amsa: Bashin Harajin da Miji Ya Ci Kafin Aure

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Amurka, an sa ranar aurena, sai wanda zan aura ya bayyana mini cewa hukumar haraji ta IRS tana bin sa bashi na shekarun baya. Shin idan an ɗaura aure bashin zai hau kaina?

Amsa: Wa'alaikumus salam. 'Yar'uwa, ɗaurin aure kaɗai ba ya ɗora miki bashin da aka ci tun ba ki shigo gidan ba, yana nan a wuyan wanda ya ci shi. Sai dai yana iya riskar ki ta duk inda kuka haɗa dukiya, kuma a nan ne nake roƙon ki da ki yi hattara.

Idan kuka cika takardar harajin shekara ta haɗin gwiwa a matsayin ma'aurata, hukumar tana da ikon riƙe rarar kuɗin da ya kamata a mayar muku, har da kasonki, ta zuba a tsohon bashinsa. Kina iya neman kason naki ta hanyar cika fom mai lamba 8379, amma hakan yana ɗaukar makonni. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne, duk shekarar da kuka sa hannu tare, ana iya bin kowannenku cikakken harajin wannan shekarar, ko da daga baya aure ya mutu. Haka nan hukumar tana iya kama kuɗin da ke asusun banki na haɗin gwiwa, ta kuma ɗora haƙƙinta a kan kasonsa na gidan da kuka saya tare.

Jihar da kuke zaune ma tana da tasiri, domin a jihohi 9, ciki har da Kalifoniya da Arizona, doka tana ɗaukar abin da ma'aurata suka samu bayan aure a matsayin mallakarsu tare, saboda haka wani ɓangare na albashinki zai iya shiga cikin abin da za a karɓa.

Tunda ya faɗa miki da bakinsa, wanda abin yabo ne, ki nemi ya karɓo bayanin asusun harajinsa daga hukumar, ku ga adadin da shekarun da abin ya shafa, domin galibi shekara 10 take da ita ta karɓi bashi daga ranar da ta tabbatar da shi, tara da kuɗin ruwa kuma suna ta ƙaruwa. Ya nemi tsarin biya kaɗan-kaɗan, ke kuma ki riƙe asusunki daban, ku tuntuɓi ƙwararre kafin ku cika takardar shekararku ta farko.