Kudurin majalisar jiha zai iya soke auren jinsi a Amurka?

Malam, ka tambaya ko kudurorin majalisun jihohi za su soke auren jinsi a Amurka. A'a. Wanda majalisar wakilan jihar Idaho ta zartar a Janairun 2025 kira ne kawai ga Kotun Ƙoli, ba doka ba.

Hukuncin Obergefell na 2015, wanda ya halatta auren jinsi a duk faɗin Amurka, sai Kotun Ƙoli ta warware shi, ko a gyara tsarin mulki. Dole a shigar da ƙara, alƙalai 4 cikin 9 su yarda a saurare ta, sannan 5 su soke. Nan gizo ke saƙa: a Nuwamban 2025 kotun ta ƙi sauraron ƙarar Kim Davis, magatakardar da ta hana takardun aure a jihar Kentucky saboda adawa da auren jinsi.

Ko an soke, dokar tarayya ta 2022 ta wajabta wa jihohi amincewa da auren da aka ɗaura a wata jiha, amma ba ta tilasta musu ɗaura sabo ba.